Wane magani ne ya taɓa tsinka muku zuciya a bakin aiki?

Majo a Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ni majo ne, wato babban nas na ɗakinmu. Daren Talatar da ta wuce ne ya sa na buɗe wannan zance. Wata 'yar makaranta da aka turo mana koyon aiki za ta wanke robar jijiyar wani dattijo, ta ɗauko 'yar kwalba daga tire ta zuƙe a sirinji. Allah ya sa ina tsaye ina cike karne, wato littafin majinyaci. Na ce, "Ƙanwata, miƙo min fankon in gani." Potasiyum ne, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Girmansa ɗaya da ruwan haɗa allura, mil 10, rubutun ƙanana, wuta kuma ta ɗauke, da fitilar waya muke aiki. Giram guda ke ciki, in ya shiga jijiya kai tsaye zuciya tsayawa take yi. Ban yi mata faɗa ba, ni kaina gwiwata ta yi sanyi. Laifin wanda ya haɗa su a tire ɗaya ne, wato mu. Da gari ya waye na kwashe potasiyum ɗin na kulle a durowa, na naɗa wa kowace kwalba jan salatif. Yanzu sai an sirka shi cikin ƙarin ruwa, an girgiza ledar sosai, an sa shi ɗis-ɗis, an kuma tabbatar majinyacin yana fitsari. Ku fa, wanne ne naku?

Ungozoma a Marwa:
Wa alaikumus salam Majo, Allah ya tsare gaba. Nawa magniziyam ne, na masu ciki da ke jijjiga. Ƙa'idar da muka koya kowa ya san ta: giram 4 a jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa 4. Abin da ba a cika nanata mana ba shi ne kwalaben ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mai kashi 50 giram 5 ce a mil 10, mai kashi 15 kuwa giram ɗaya da rabi ce a mil 10 ɗin. Wanda ya saba ƙirga kwalba maimakon giram, ranar da aka canza kaya ya shiga uku.

Amma abin da ya same ni ba lissafi ba ne. Wata yarinya mai cikin fari aka kawo daga ƙauye bayan ta faɗi sau biyu a gida. Aka yi mata na farko da rana, lafiya lau. Na karɓi aiki da dare, lokacin allura ta uku ya yi, har na zuƙe. Sai idona ya kai kan ledar fitsari a ƙarƙashin gado, ɗan ja-ja ne kawai a gindinta, bai kai rabin ƙaramin kofin shayi ba tun la'asar. Na naɗe zanen na bugi ƙasan ƙoƙon gwiwarta, ƙafa ko motsi. Na ƙirga numfashi da agogon waya, 12. Uwarta na cewa, "Ai barci take, 'yata, tun ɗazu ta samu sauƙi." Na ce, "Inna, wannan ba barcin sauƙi ba ne." Na ajiye sirinjin, na kira likita, muka ba ta kalsiyam gulukonat, makarin magniziyam, giram 1 a hankali. Ƙoda ce ke fitar da magniziyam, in fitsari ya tsaya sai ya taru a jini. Tun daga ranar ba na huda kowa sai na ga abu uku: gwiwa na zabura, numfashi ya kai 16 a minti, fitsari ya kai mil 100 cikin awa 4. Kalsiyam ɗin kuma a manne yake da salatif a jikin kwalin, don ran nan sai da aka yi ta jan durowa kafin a same shi.

Ɗan Kusiri:
Ni ba ma'aikacin asibiti ba ne, ku yi haƙuri da shisshigi. Mahaifiyata ce mai ciwon suga, ni ke yi mata insulin. Tana kan awo 20. Sirinjinmu ya ƙare, ƙanena ya tsallaka gada zuwa Injamena da wata hidima, ya sayo wani a hanya, mai jan murfi. Na ja zuwa layin 20 kamar kullum. Kafin azahar Hajiya ta jiƙe sharkaf da gumi, hannu na rawa, tana kirana da sunan yayanta da ya rasu. Wata maƙwabciya har ta fara tofi. Na'urar gwajin suga ta nuna 0.4, wato giram a lita, suga ya faɗi ƙasa sosai. Da yake tana iya haɗiya, na jiƙa suga mai ƙwaya na ba ta, muka wuce asibiti. Can aka nuna min: kwalbar 100 aka rubuta a jikinta, wato awo 100 a kowane mil, sirinjin kuwa na mai awo 40 a mil ne. Layin 20 a wannan sirinjin rabin mil ne, wato awo 50 na ɗura wa uwata da hannuna.

Majo a Garwa:
Sannu Malam, ba shisshigi ba ne, ku ne kuke kwana da su. Lambar jikin kwalba da ta jikin sirinji dole su zama ɗaya, kada a dogara da launin murfi kaɗai. Kuma duk abin da ya gaza 0.7 a na'ura, a ba da suga nan take. In ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki. Kafin azumi ku kai ta a sake duba awon.

Mai kantin magani a Gaundare:
Nawa a hankali ya zo, ba dare ɗaya ba. Wani direban babbar mota da ke shan Sintrom, maganin tsinka jini, saboda gudan jini a ƙafa ya kamu da tarin fuka. Rifamfisin, ɗaya daga magungunan tarin, yana sa hanta ta cinye maganin tsinka jini da sauri, don haka aka yi ta ƙara masa har gwajin INR, mai auna tsinkewar jini, ya zauna tsakanin 2 da 3. Wata 6 ya cika, ya gama maganin tari, ya yi murna, ya ci gaba da shan Sintrom a wancan awon, wanda yanzu ya yi masa yawa. Ba wanda ya ce masa ya koma gwaji. Ya zo wurina neman maganin dasashi, wai asuwaki yana fito da jini. Na ga ɗamtsensa duk tabo baƙi-baƙi. Na ce, "Alhaji, me kuma kake sha?" Ya zaro katin diklofenak na mai tebur, don ciwon baya, shi kuwa ƙara zubar jinin yake yi. Ban sayar masa da komai ba, na rubuta 'yar takarda na tura shi gwaji a ranar.

Sai metotirekzat. Sau ɗaya ne a mako ga masu ciwon gaɓoɓi, amma mutum ya saba safe da yamma. Ni da alƙalami nake rubuta "Juma'a kawai" a jikin kwali, da boko da ajami.

Nas ɗin yara a Injamena:
Duk na ji, amma a faɗi gaskiya. Ana ta cewa mutum biyu su duba kafin a yi allura. Da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro, ni kaɗai nake kwana da ɗaki cike, yara bibbiyu a gado. Ina zan samo na biyun? Artesunat, allurar zazzaɓin, ya rage mana wahala, miligiram 2.4 a kowane kilo, 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Amma ranar da ya yanke aka koma kinin, sai ka zauna kana ƙirga ɗigo awa 4, kana fargabar suga ya faɗi, ga sandar gwajin suga sai iyaye sun saya. Sikelinmu ma sai an buge shi yake tashi.

Ungozoma a Marwa:
Ɗan'uwa, ba ka yi ƙarya ba. Ni in ni kaɗai ce, da ƙarfi nake karanta sunan da ke jikin kwalba da ƙarfinta, kamar mai tilawa, ko da masu jinya za su ɗauka na zare. Ba na yar da fanko sai na gama. In lissafi ya ɗaure min kai, hoton kwalbar da takardar nake tura wa wata abokiyar aiki a WhatsApp, ko ƙarfe biyun dare ne, ita ma haka take min.

Nas ɗin yara a Injamena:
Zan gwada na hoton, in akwai sabis. Majo, makullin durowar potasiyum ɗin, a hannun wa yake kwana ranar da ba ka gardi?

Majo a Garwa:
Hannun babban wanda ke aikin dare, a rataye a wuya. Sau ɗaya aka tafi da shi gida, sai da muka tashi mai babur ƙarfe ɗaya ya je ya karɓo.