Neman kalmar Hausa: me za mu kira groovebox da abubuwan da ke cikinta?

Jama'a masu haɗa kiɗa, ku zo mu zauna kan wannan maganar don Allah, domin yara suna shigowa harkar nan kullum amma in ka zo koya musu sai ka ji bakinka ya cika da Turanci, yaro yana gyaɗa kai alhali bai gane komai ba.

Ita na'urar kanta ni dai akwatin kiɗa nake ce mata, kamar yadda muke cewa akwatin rediyo. Wani ya ce injin ganga, to amma injin ganga ai irin su TR-808 ne da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980, ganguna kawai ke ciki. Ita kuwa wannan da Roland ɗin ya sa wa suna groovebox tun kan na'urarsa MC-303 a 1996, akwai ganga akwai bas (sautin nan mai kauri) akwai muryoyin fiyano duk a akwati ɗaya, ka haɗa kiɗa tun daga farko har ƙarshe ba ka taɓa kwamfuta ba. Digitakt ta Elektron da Electribe ta Korg duk 'yan gidan ne.

Sikwensa kuma majeri. Daga jera, irin ginin mabuɗi da matsefi. Kuma sunan ya faɗi aikinta, domin ita ba ɗaukar sauti take ba, umarni take ajiyewa a jere, buga nan, bari nan, buga nan da ƙarfi. Maɓallai 16 ɗin nan da fitila ke bi tana gudu a kansu kowanne sunansa taku. Ka sa kik, wato dukan babbar ganga, a taku 1 da 5 da 9 da 13, ka sa tafi a 5 da 13, shi kenan ka samu ƙashin bayan kiɗan disko. Tirak kuwa layi, wannan ba ma sai an yi musu ba, layin ganga, layin bas.

Inda aka ja ni da gardama shi ne fatan (pattern), wato taku 16 ɗin nan gaba ɗaya da ke zagayowa yana maimaita kansa. Wasu sun so a ce take. Wallahi ban yarda ba, take abu ne mai nauyi a wajen makaɗanmu, taken sarki daban, na mahauta daban, na 'yan dambe daban, kalangu magana yake yi a ciki kuma mai taken yana jin an kira shi tsigar jikinsa ta tashi, bai kamata mu ɗauko wannan mu liƙa wa kowane ɗan guntun bit ba. Zubi ya fi. Zubi na ɗaya na shiga, zubi na biyu na amshi, in ka ɗaura su bi da bi ka yi sarƙa, sarƙar ce ke zama cikakken kiɗan waƙa.

Tempo gudun kiɗa, BPM bugu a minti. A 120 kowane bugu rabin daƙiƙa ne, taku huɗu kuma su ne bugu ɗaya, kenan zubi mai taku 16 zai zagayo cikin daƙiƙa 2.

Amma a kula da belositi, kar wani ya buɗe ƙamus ya ce mana gudu, ba gudu ba ne ko kaɗan, ƙarfin dukan ne, lamba daga 1 zuwa 127 a tsarin MIDI da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni da shi. Nauyin hannu za mu ce. Makaɗi ba ya dukan fata da ƙarfi ɗaya sau biyu a jere, shi ya sa in ka bar duk takun a 127 kiɗan ke fitowa a bushe.

Sai suwin, wanda shi ne ya fi ci min rai a samo masa suna mai kyau. Abin da na'urar ke yi shi ne ta ɗan jinkirta taku na 2, na 4, na 6 haka har ƙarshe, sauran suna nan inda suke. A na'urar MPC60 da Roger Linn ya tsara wa kamfanin Akai a 1988, kashi 50 na nufin a miƙe ba jinkiri, wajen 66 kuma bugun ya koma kamar an raba shi uku, daɗin yana tsakanin nan. Wani ɗan'uwa ya ce ɗingishi, kuma gaskiya ya kama yadda abin ke tafiya, ƙafa ɗaya na riga ɗaya, sai dai ɗingishi lalura ce, wa zai ce wa mawaƙi bari in ƙara maka ɗingishi? Rangaji nake goyon baya. Ƙara rangaji, rage rangaji, ko tsohuwa ta ji ta san me ake nufi.

Samful kar a ce samfur, mutane za su ɗauka irin kaya ake nufi. Muna da tsakure, tsakuren sauti, ka tsakuro dukan kalangu ɗaya ko shantu ka ɗora a maɓalli. Kik da bas da bit kuwa a bar su, baki ya riga ya karɓa.

Kwantayiz ni saita taku nake cewa, tunda ja na'urar take ta mayar da dukan da ya kauce kan taku mafi kusa. 'Yan situdiyo na Kano da Kaduna da Jos, in akwai abin da kuke ce masa a bakin aiki ku kawo, naku zai fi nawa zama.