Muhawara: Jiha ce za ta raba ruwa, ko masu rijiyoyin kwarin?

Malam Sabo: Jama'a, ga maganar da na kawo. A jihohin yammacin Amurka ana ta kiran a karɓe ikon rabon ruwa daga ofishin injiniyan jiha a miƙa wa hukumomin da mutanen wuri suka zaɓa. Ni ina bayan wannan, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku duba gundumar Sheridan ta Kansas. Manoman wani yanki mai faɗin murabba'in mil 99 suka ga ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala yana ta ja da baya, suka zauna suka yanka wa kansu ruwa mai zurfin inci 55 a kowace eka na shekara biyar, daga 2013. Inci 11 ke nan a shekara, amma ba a ɗaure mutum ba: shekarar da sama ta yi kyau ya ɗebi 8, ya ajiye 3 don ranar fari. Kashi 20 cikin ɗari suka yi niyyar ragewa, sai ga shi sun zarce. Da daga babban birni aka aiko musu da wannan adadin, da yanzu ana kotu.

Barista Hauwa: Malam Sabo, rabin labarin ka ba mu. Manoma suka tsara, gaskiya ne, amma babban injiniyan jihar ne ya saurari jama'a, ya sa hannu, tsarin ya zama doka, kuma hukuncin wanda ya ƙetare kasonsa yana hannun jiha. Ga kuma abin da ya fi damuna. Ƙa'idar yammacin Amurka ita ce wanda ya riga fara amfani da ruwa shi ke da fifiko. In ruwa ya gaza, na baya ake fara rufe wa famfo. A kwarin Diamond na jihar Nebada, ruwan da ƙasa ke mayarwa a shekara kimanin eka-ƙafa 30,000 ne, ana kuwa zuƙar kusan 76,000. A 2015 jiha ta ba su shekara goma su kawo tsari, in ba haka ba ta bi ƙa'idar fifiko. Masu rinjaye, waɗanda akasarinsu 'yan baya ne, suka amince da tsarin da ke rage wa kowa, har da tsofaffin masu haƙƙi. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da shi a 2022, alƙalai huɗu a kan uku. Wato maƙwabtanka na iya haɗa kai su ci haƙƙinka da ƙuri'a.

Malam Sabo: To wa ya raba takardun ɗibar ruwa a kwarin Diamond har suka ninka abin da ƙasa ke mayarwa? Ofishin jiha ne, Barista. Wanda ya ɓata miyar ba shi za a kira gwanin girki ba.

Hajiya Rabi: Don Allah a fayyace mana eka-ƙafa tukuna.

Injiniya Lawal: Hajiya, ruwan da zai rufe eka ɗaya har zurfin ƙafa ɗaya ne, lita miliyan 1.2 da ɗoriya.

Ni abin da nake so mu tsaya a kai shi ne iyaka, don a nan yawancin hukumomin wuri ke tuntuɓe. Ruwan ƙasa bai san layin gunduma ba. In ka kunna famfon rijiyar burtsatse, matakin ruwan da ke kewaye da ita yana lotsawa kamar mazurari, kuma mazurarin yana ta faɗaɗa muddin famfo na aiki, har ya shiga ƙarƙashin gonar wani ko ya taɓa kogi. Teksas na da hukumomin ruwan ƙasa kusan 100, da yawansu an zana su bisa layin gunduma, saboda haka tafkin ƙasa guda yana ƙarƙashin dokoki iri-iri: wannan ɓangare ya takura wa kansa, na ƙetaren layi yana zuƙa. Nebraska ta fi dabara. Tun 1972 ta zana nata bisa kwarin koguna, yanzu guda 23 ne, su ke kula da ruwan ƙasa, jiha na kula da na kogi. Amma ko nan sai da aka ƙone. Rijiyoyin kwarin kogin Republican suka riƙa janye ruwan da ya kamata ya gangara Kansas bisa yarjejeniyar 1943. Irin wannan ɓarnar ba ta bayyana nan take; rijiyar da ke nesa da gaɓa tana iya ɗaukar shekaru kafin kogi ya ji ta, kuma ko an kashe famfon yau ragin zai ci gaba. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta ce Nebraska ta biya dala miliyan 5.5 kan ruwan da ta wuce da shi a 2005 da 2006. Jiha aka kai ƙara, ba hukumar kwari ba. Wanda zai amsa tuhuma dole a bar masa linzami.

Malam Ɗanjuma: Kuna ta maganar wa zai riƙe iko, ba ku tambayi ko zai iya ɗaukar kayan ba. Kafin a miƙa komai, sai an ga rajistar kowace rijiya da zurfinta da ranar haƙƙinta, sai mita a bakin kowane famfo. Mitar ma ba a manna ta inda aka ga dama. Tana son miƙaƙƙen bututu a gabanta, tsawon ninki biyar zuwa goma na faɗinsa, kuma bututun ya cika fal. In tana dab da lanƙwasa, ko iska na shiga, ƙarya za ta karanta. Mita mai farfela kuwa yashi na cinye ta har ta riƙa ƙirga ƙasa da gaskiya. Shi ya sa ake gwada karatunta da wutar da famfon ya sha. Zurfin ruwa kuma a lokacin sanyi ake auna shi, bayan famfuna sun huta, kamar yadda Kansas ke auna rijiyoyi kimanin 1,400 duk watan Janairu. Wannan duk kuɗi ne da ƙwararru. Hukumar da ba a ba ta ikon karɓar kuɗi a kan kowace eka ba, an ba ta suna ne kawai.

Hajiya Rabi: Ni kuma tambayata ita ce su waye "mutanen wuri"? A wasu hukumomin ban ruwa na Kalifoniya, nauyin ƙuri'ar mutum gwargwadon filinsa ne. A ce rijiyar gida mita 60 ce, ta gonar da ke maƙwabtaka 200. Hukuma ta ce ta yarda ruwa ya sauka zuwa mita 90 kafin a ce an shiga haɗari. Babban manomi bai ji komai ba, ita kuwa matar gidan ta buɗe famfo sai tari yake yana tofar da yashi. Dokar kula da ruwan ƙasa ta Kalifoniya (SGMA) ta 2014 ta ba hukumomin wuri dama su rubuta tsarinsu, su daidaita zuƙa da abin da ke dawowa nan da 2040 ko 2042. A Maris 2023 jiha ta yi watsi da tsarin yankuna shida na kwarin San Joaquin, kuma rijiyoyin gida da nitsewar ƙasa na cikin dalilai. Wannan kwarin ne fa ƙasa ta nitse kusan mita 9 kusa da garin Mendota tsakanin 1925 da 1977. Ba a ba kura ajiyar nama.

Malam Sabo: Hajiya, amma a Afrilu 2024 da jiha ta sa yankin Tulare Lake na Kalifoniya ƙarƙashin kulawarta, me ya biyo baya? Manoma suka garzaya kotu. Abin da na faɗa tun farko ke nan.

Barista Hauwa: Zuwa kotu ba shi ne shaidar gaskiya ba, Malam. Ni zan yarda a ba kwari rabon, in jiha ta riƙe jimillar da ba za a wuce ba, da rajistar haƙƙi, da ikon karɓe ragama ranar da aka saɓa wa'adi.

Malam Sabo: Rajista na bar wa jiha. Jimilla kam sai an zauna da masu rijiya, don wanda ya yanke jimilla ya gama rabo.

Hajiya Rabi: To a zauna, amma da kujerar masu rijiyar gida, kuma a rubuta tun farko wa zai biya haƙa sabuwa in tasu ta ƙafe.