Neman kalma: yaya za mu ce "safari" a shirin ɗaukar hoton damisa?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da ƙarfe goma na safe zan miƙa fassarar wani shirin talabijin a kan masu ɗaukar hoton damisa a gandun dajin Luangwa ta Kudu, a Zambiya. Kalmar "safari" ta cika shirin. Na sa "yawon buɗe ido", amma da na karanta a bayyane sai na ji bai zauna ba. Mutumin da ake nunawa tun asuba yake fita, a kashe injin mota a gindin bishiya, ya shafe awa uku yana jiran damisa ta sauko daga reshen da ta rataye barewar da ta kama. Ba yawo yake ba. A taimaka.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam Malama. Ai kayanmu ne ya dawo gida. Kalmar ta Swahili ce, ma'anarta tafiya, su ma daga Larabci suka aro "safar". Daga wannan tushen muka sami "safara". Ki sa safara kawai.

Tsohon ɗan jarida: Malam, a yi haƙuri, safara ta riga ta ɓaci a kunnen mai sauraro. Safarar makamai, safarar mutane, safarar miyagun ƙwayoyi, abin da ake ji ke nan kullum a labarai. Ranar da aka ce "safarar damisa", kowa zai ɗauka fasa-ƙwaurin fatarta ake nufi, kuma wannan laifi ne da ake yi da gaske, shi ya sa tun 1975 yarjejeniyar CITES ta sa damisa a sahun farko na dabbobin da aka taƙaita cinikinsu. Sai a mayar da mai kyamara ɗan sumoga.

Malamin Hausa: Na karɓa. To ga wadda na daɗe ina koya wa ɗalibaina: farautar hoto. Bin sawu yake, laɓewa yake, saiti yake, sannan ya danna. Mene ne farauta in ba wannan ba?

Mai kyamara: Malama, ni sana'ata ce, bari in faɗi abin da ake yi. Rabin aikin da kunne ake yinsa. Direba zai tsaya ya saurari kukan birai ko hucin barewa, don su ne ke tona asirin damisa. Sai a duba sawu a yashi: nata ba ya nuna farce, na kura yana nunawa. In an same ta a kan reshe, sau da yawa jelarta ce za ka fara gani tana lilo, da fari a ƙarshenta. Daga nan sai zama. Ka ɗora gilashin kyamara mai milimita 400 ko 600 a kan ɗan matashi a bakin ƙofar mota don kada hannu ya yi rawa, ka saita a kan idonta, ka jira. Haske kuma ba ya jiranka, domin ta fi motsi da sassafe da almuru, lokacin da kyamara ke neman haske ido rufe. Ni wannan zaman "dako" nake kiransa. Dakon damisa.

Mai fassara: Dako ya yi mini daɗi ƙwarai, Yaya, na ɗauka don wurin jiran. Amma akwai inda ake cewa safarin kwana biyar, da safarin dare da fitila. Dako bai rufe waɗannan ba.

Malamin Hausa: Farautar hoto ta kwana biyar. Farautar hoto ta dare. Kin ga ta shiga ko'ina ba gargada.

Mai kyamara: Ranka ya daɗe, nan ne ba zan bi ka ba, kuma abin yana ci mini rai. Asalin safarin Turawa da bindiga ne. A tafiyar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya fara a Gabashin Afirka a 1909, shi da ɗansa sun harbe dabbobi sama da 500. An daɗe kafin kalmar ta bar hannun mai bindiga ta koma hannun mai kyamara. Kenya ta haramta farautar namun daji a 1977. Yau damisa tana cikin jerin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna fuskantar barazana. Mu abin da muke alfahari da shi, mu tafi mu bar ta da ranta a kan reshenta. In yaro ya ji "farauta" a shirin, me zai ɗauka?

Mai kishin harshe: Duk wannan kewaye-kewayen don a ƙare da aron kalmar Bature ne, na sani. Kullum haka muke. Harshe mai mutane miliyoyi a ce ba shi da kalmar fita daji?

Tsohon ɗan jarida: Ɗan'uwa, ba ta Bature ba ce, shi ma arowa ya yi daga Swahili.

Mai kishin harshe: To ya fi ciwo. Su sun ba duniya kalma, an sa musu 7 ga Yuli ranar Swahili a UNESCO, Tarayyar Afirka ta ɗauki harshensu na aiki a 2022, mu muna nan muna aro. Ga kilisa, ga rangadi, ga balaguro, ga shawagi. An rasa ɗaya?

Malamin Hausa: Kilisa ta doki ce, rangadi na mai mulki ne da ke zaga ƙasarsa. Kada kishi ya sa mu tauye kalmomin da muke kishi. Shi ya sa na ce a ƙirƙira, kuma na ƙirƙira.

Ɗaliba: Gafarta malamai, tambaya a gefe. Ita kanta damisar fa? Na ga ana kiran mai ratsi-ratsi ta Asiya damisa, har ana cewa "damisar takarda".

Tsohon ɗan jarida: 'Yata, da aka rasa suna ne aka ara mata. Mai ratsin ba ta Afirka ba ce sam. Damisa ta ainihi ita ce mai rodi-rodi, mai hawa bishiya da nama a baki. Siririyar nan mai gudu, mai baƙin layi daga ido zuwa baki kamar sawun hawaye, rabbi ce a ƙamus. Malama, in ta fito a shirin kada ki haɗa su.

Mai fassara: Ta fito sau biyu, Baba, na gode. Ga wata kuma: ana cewa damisoshin gandun dajin Sabi Sand a Afirka ta Kudu sun saba da mutane. Hannuna ya ƙi rubutawa, don kirarinta "damisa ƙi sabo".

Mai kyamara: Kirarin bai faɗi ba, Malama. Da mota suka saba, ba da mutum ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara bin wata uwa a hankali a can, 'ya'yanta suka tashi suna ganin mota kamar wani dutse mai tafiya. Za ta iya ratsawa dab da taya ba ta ɗaga kai ba. Amma ka miƙe tsaye, siffarka ta fita daga ta motar, nan take za ta canza, ko ta shige ciyawa. Shi ya sa doka ta farko ita ce a zauna, a yi shiru. Ki rubuta "sun saba da mota".

Mai fassara: Madalla. Ga abin da na tsayar, don dare ya yi. Zan bar "safari" yadda take, a farkon shirin in ce "safari, wato fita daji don kallon namun daji da ɗaukar hotonsu". Zaman jira, dako. Na dare, safarin dare. Malam, ka yafe mini, farautar hoto ba za ta shiga ba.

Mai kishin harshe: Na faɗa tun farko a nan za a ƙare. Dakon dai namu ne, shi kaɗai na yarda da shi.

Malamin Hausa: Shirinki ne, Malama, ba zan hana ki ba. Maganar bindigar ta shige ni, ban musa ba. Amma ni a aji farautar hoto zan ci gaba da cewa, tare da bayani, har a kawo wadda ta fi ta.

Mai fassara: Na gode Malam. Saura sunan zanen jikinta, wanda ba ɗigo ba ne zalla, zobe-zobe ne da ja-ja a tsakiya, har da shi ake bambance wannan damisa da waccan. Na sa rodi-rodi na wucin gadi. Wanda ke da wata ya turo kafin takwas na safe.