An gina tashar Lekki, an buɗe ta Dala: me ya sa kuɗin kawo kwantena Kano bai sauka ba?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Ina sana'ar shigo da yadi daga Caina, kuma ina neman bayani daga waɗanda suka san harkar jiragen ruwa. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da tashar Lekki mai zurfi a Legas, a cikin watan kuma ya zo Kano ya buɗe tashar tsandauri ta Dala da ke Zawachiki, wato tashar sauke kwantena da yin fito a kan tudu, nesa da teku. An gaya mana cewa daga nan ɗan kasuwa zai riƙa fiton kayansa a Kano ba sai ya je kudu ba. Amma har yanzu yawancinmu a Legas ejan yake yi mana fito, tirela ta ɗauko, mu biya kuɗin mota da tarar jinkiri kamar da. A ina matsalar take, a tashoshin ne ko a wani wuri dabam?

Tsohon Ma'aikacin Tasha:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ya kamata a fara raba abu biyu, wato aikin da ake yi a bakin ruwa da kuma tafiyar kaya bayan sun sauka daga jirgi. A bakin ruwa an samu ci gaba na gaske. Tun daga 2006, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanoni masu zaman kansu hayar wuraren sauke kaya, hukumar kula da tashoshin jiragen ruwa ta Najeriya (NPA) ta koma matsayin mai ba da haya, an kawo manyan ƙugiyoyi, kuma satar kaya a cikin tasha ta ragu ƙwarai. Lekki ta ƙara wani mataki: an kashe mata kimanin dala biliyan 1.5, zurfin ruwanta ya kai mita 16.5, saboda haka manyan jiragen da a da suke sauke kayanmu a Lome a sake loda su a ƙananan jirage yanzu suna iya zuwa kai tsaye.

Inda gizo yake saƙar shi ne bayan kwantena ta taɓa ƙasa. Tashar Lekki ba ta da layin dogo, kaya suna fita ne ta mota ko ta kwale-kwalen dako. Sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 ya shiga har cikin Apapa, amma a Ibadan ya tsaya, kuma babu abin da ya haɗa shi da layin Abuja zuwa Kaduna. Abin da ya rage tsakanin Legas da Kano shi ne tsohon siririn layin da Turawa suka kammala a 1912, wanda ya kwashe dalar gyada a zamaninsa, amma yau ba ya iya ɗaukar kwantena a kan kari kowane mako. Tashar tsandauri kuwa, in babu jirgin ƙasa mai zuwa a kai a kai, amfaninta rabi ne, domin kuɗin tirela na tafiyar da ta haura kilomita 1,000 yana nan a wuyanka ko a ina aka yi fiton.

Hajiya Mai Riɗi:
Malam, bayaninka ya gamsar, sai dai ban yarda a ɗora komai a kan layin dogo ba. Ni fitar da kaya nake yi, riɗi da zoɓo daga Dawanau, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takarda. Gwamnati ta ayyana Kaduna da Dala a matsayin tashoshin da kaya za su iya tashi daga cikinsu ko su sauka a cikinsu, amma wannan ba ya aiki sai kamfanin jirgin ruwa ya yarda ya rubuta Kano a takardar dakon kaya a matsayin masauki na ƙarshe. Da yawansu ba sa son haka, domin kwantenarsu za ta yi nisa da teku, ta daɗe ba ta dawo ba. Shi ya sa suke karɓar kuɗin jingina a kan kwantena, kuma kowace rana ta jinkiri da tararta.

Akwai abin da na gani da idona wanda ya tsaya mini a rai. Kwantenonin da suka kawo yadi Kano suna komawa kudu fanko, a daidai lokacin da mu muke loda buhunan riɗi a buɗaɗɗiyar tirela, a rufe da tamfol, su yi kwanaki a hanya cikin damina, sai an isa Legas a sauke a sake durawa a kwantena. Riɗin da ya sha danshi kuwa mai saye a waje zai rage masa farashi ko ya ƙi karɓa. Da a ce akwai tsarin da zai haɗa mai shigo da kaya da mai fitarwa a Zawachiki, a dura kayan a nan, kwastam su duba su sa hatimi sau ɗaya, da kuɗin mota ya rabu biyu tsakaninmu da su Alhaji. Wannan ba ya jiran sabon layin dogo.

Tsohon Ma'aikacin Tasha:
Hajiya, gaskiya kika faɗa, kuma zan ƙara da batun duba kaya. Muddin ana buɗe kwantena ana zazzage ta da hannu maimakon a wuce da ita ta na'urar haska kaya, kuma hukumomi da dama kowace tana son ta sa hannu, kwanaki za su ci gaba da tafiya. Manhajar Eto mai tsara lokacin shigar tireloli tasha, da aka kawo a 2021, zamanin da Hadiza Bala Usman take shugabancin NPA, ta rage layin tirelolin da ke kwana a kan gadojin Apapa, wanda ya nuna cewa gyaran tsari yana iya yin abin da siminti da ƙarfe ba su yi ba. Amma ina nan a kan bakana cewa kamfanin jirgi zai fi saurin amincewa da Kano idan ya san ranar da jirgin ƙasa zai dawo masa da kwantenarsa.

Ɗan Maraɗi:
Ku ba ni dama in sa baki daga wannan ɓangare na iyaka. Nijar ba ta da teku, kuma shekara da shekaru yawancin kayanmu ta Kwatano suke bi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya suka koma bin Lome su ratsa Burkina Faso, hanya mai nisa da hatsari, kuma kowa ya ji a jikinsa a kasuwa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda kamfanin Mota-Engil yake ginawa, zai iya karkato da wannan kaya zuwa tashoshin Najeriya, amma sai in an kammala na Kaduna zuwa Kano, an kuma cike giɓin da ke tsakanin Ibadan da Abuja. 'Yan kasuwarmu za su kwatanta kwanaki da kuɗi ne tsakanin Legas da Lome, sannan su zaɓa.

Ɗan Kwari:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Hajiya, idan babu damuwa, zan kawo maganar haɗa kwantena a zaman ƙungiyarmu na gaba, domin ina da masu shigo da kaya kusan kowane wata. Abin da nake so in sani kafin nan shi ne, wa zai ɗauki nauyin kuɗin jinginar idan kwantenar ta ƙara kwanaki a Kano tana jiran lodin riɗi?