Musayar waƙa a kan "Problem": wa ya sallami saurayin, Ariana ko Iggy?

'Yar Zazzau:
Jama'a, waƙar Ariana Grande da Iggy Azalea ta Afrilun 2014 nake so mu taɓa yau. Ga nawa.

Ariana ta ce ta gama da saurayi,
Amma muryarta ba ta bar begensa ba.
Hankali na cewa tafi, zuciya na cewa dawo,
Har aka kai amshi ba ta tsai da magana ba.
Sai ga Iggy 'yar Ostareliya ta faɗo fili,
Ta datse igiyar da mai ita ba ta iya taɓawa ba.
To ku faɗa min, wa ya yi sallamar nan?
Ni dai ban ga Ariana ta yi ba.

Mai Kalangu:
Ƙanwata, haka ake yi in an zo rabuwa,
Mai so bakinta nauyi yake wajen faɗawa.
Sai ta nemo ƙawa mai ido a tsakar ka,
Ta ɗora mata kayan toshi ta je mayarwa.
Iggy ce ƙawar, ba ta taɓa son yaron ba,
Shi ya sa ta faɗi tata babu karkarwa.

Malam Na-Gefe:
Yara, ba zuciya ba ce, kasuwa ta haɗa su,
Mai tsara kiɗan, Max Martin na Suwidin, ya san wanda zai karɓe su.
A lokacin Iggy na tashe da waƙarta "Fancy", tana zaune a lamba 1,
"Problem" na biye a 2, mujallar waƙa Billboard ta jera su.
Rabon da sabon shiga ya yi haka a Amurka
Tun mawaƙan Beatles a 1964, ku je ku tambaye su.
Ku cire busar saksofon ɗin nan ku sake saurare,
In akwai hawaye a ciki, ku zo ku nuna min su.

'Yar Zazzau:
Allah ya gafarta Malam, kuɗi sun shigo, ban musa ba,
Har a Ingila ta hau lamba 1, ban manta ba.
Amma wa ke raɗa a amshi, cewa matsala ta ragu?
Muryar namiji ce, kuma ba a rubuta sunansa ba.

Mai Kalangu:
Mawaƙi Big Sean ne, ƙanwata, mai raɗar da kike tambaya,
Ya hure mata kunne ta bar wancan a baya.
Shekarar ba ta ƙare ba sai ga shi ya maye gurbin,
Mai ba da shawara ya koma mai soyayya.
Afrilun 2015 su ma suka raba gari,
Wakilansu suka aika su sanar wa duniya.

Malam Na-Gefe:
Wakilan nan ma albashi ake biyan su, yaro.