Magagari ya koma wuƙa: wane suna za mu ba wannan aiki?

Jama'a, kalma nake nema. Turawa na cewa "upcycling" idan aka ɗauki tsohon kayan aiki da ya gaji aka mai da shi wani abu dabam mai amfani. Abin da ya jawo tambayar shi ne magagarin da na gada wurin kawuna. Haƙoransa sun cinye, sai na kai shi Maƙera Assada, unguwar maƙera a nan Sakkwato. Aka sa shi wuta ya yi jawur, aka binne shi cikin toka ya kwana, domin ƙarfen magagari tauri ne da shi ƙwarai, in ba a lausasa shi ba karyewa yake. Washegari aka ƙera mini wuƙar yankan fata. Maƙeranmu sun daɗe suna mai da sifirin mota adda ko lauje, amma ban taɓa jin sunan aikin ba.

Kafinta daga Mabera: Malam, ai kwaskwarima ke nan.

Ni: A'a maigida. Kwaskwarima gyaran fuska ce, guduma tana nan guduma, ƙota kawai ka sake mata.

Wani daga Runjin Sambo: To a ce jari-bola.

Ni: Wannan sana'ar masu tattaro ƙarfen ce. Su awo suke yi su sayar, ba ruwansu da abin da zai zama.

Dattijo daga Ƙofar Rini: Wanga abu ai sake-ƙira na. Mi ag gardama ciki?

Ni: Baba, ta zauna daram, sai dai ta tsaya bakin maƙera. Tsohuwar sukuddirebata da nake buɗe gwangwanin fenti da ita fa? Ba ta ga wuta ba, ba ta ga uwar maƙera ba, amma ta bar aikinta na fari.

Kafinta daga Mabera: Kenan sauya sheƙa ta yi, irin ta 'yan siyasa. Jiya tana jam'iyyar masu ɗaure noti, yau tana ta masu fenti.

Ni: Wallahi na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Ga shawarata: a rubuce mu ce sauya-aiki, tunda ta haɗa wanda aka ƙera da wanda aka karkatar haka nan. Tsakaninmu kuwa, sauya sheƙa.

Malamin makaranta daga Arkilla: Ban gamsu ba tukuna. Idan wuƙar ta dakushe ka koma goga ƙarfe da gindinta inda sauran haƙora suke, ta sauya aiki ne ko ta yi kome? Sannan ƙotar da kuka sa mata, kirya ce ko marke?

Dattijo daga Ƙofar Rini: Kai yaro, wanga ƙaƙale ya yi yawa. Wuƙa dai tana yanka?

Malamin makaranta daga Arkilla: Tana yanka Baba, amma ƙotar fa?