Wanda ya bi fanon bai karanta asali ba?

Anti Bilki: Jama'a, bari in amayar da abin da ke cina. Kanon shi ne abin da mai labari ya rubuta da hannunsa, fanon kuwa abin da masoya suka ƙirƙira suka yi ta maimaitawa. Duk wanda ya ari jaruman wani ya gina labarinsa a kan fanon, wallahi bai karanta asalin ba. Rubutun 'yan'uwansa ya kwafa.

Sadiƙ: Haba Anti, kin yi mana kuɗin goro. Shi kanon ɗin ma yana tufka da warwara. Dubi labaran Sherlock Holmes, jarumin nan mai binciken laifuka: a littafin farko na 1887 a kafaɗa aka harbi abokinsa Dakta Watson, a na 1890 kuma ƙafa yake jinya. Sunansa John, amma akwai labarin da matarsa ta kira shi James. Wanne za mu bi? Masu karatu ne suka zauna suna ɗinke ɓarakar da marubucin, Conan Doyle, ya bari.

Anti Bilki: Cike giɓi daban, sauya hali daban. Za ka ga jarumin da aka sani da taurin kai da kaifin harshe, an wayi gari an mayar da shi mai kuka a kowane babi, don wani labari ɗaya ya yi farin jini kowa ya bi. Suna kawai ya rage.

Ummi: Nan kam ina bayanki, Anti. Abin da ya fi ƙona mini rai, ka rubuta shi yadda yake a littafi, sai wata ta zo tana maka gyara wai ba haka halinsa yake ba.

Yaya Nura: To amma wa ke yanke abin da ke kanon? A 2014 Lucasfilm, mai shirya fina-finan Star Wars, ta ware tarin littattafan Star Wars da mutane suka shekara suna karantawa, ta ce sun fita daga kanon. Rana ɗaya! Lissafin kasuwa ne ya yanke, ba wanda ya tambayi mai karatu. Ita ma hular Holmes mai baki gaba da baya, zanen Sidney Paget, mai yi wa labaran hotuna, ne ya dasa ta a idon duniya. Ku cire ta ku gani ko za a gane shi.

Ummi: Yaya, Paget ai mujallar da ke buga labaran ce ta ɗauke shi aiki. Ba a haɗa shi da mu masoya.

Sadiƙ: Ni dai buƙatata ɗaya: in fanon za ka bi, rubuta a saman labarin, kada sabon shiga ya ɗauka daga littafi ka samo.

Anti Bilki: Na yarda da wannan, ƙanena. Amma kafin mutum ya iya rubuta hakan, sai ya san wanne ne wanne. Nawa ne a cikinmu suka sani?